Tazarar da ke Tsakanina da Mutanena

Duk wanda ya sayi kyamarar da ake cire wa gilashi a ɗaura wani, to ya sayo ta ne haɗe da tambaya. Ita kyamarar akwati ce mai jiran haske. Gilashin da aka ɗaura mata shi ke yanke hukuncin abin da za ta gani, shi ke kuma nuna wa mai ɗaukar hoto inda zai tsaya. Ni sana'ata ɗaukar hoto a Damaga, cikin ƙasar Maradun, ina bin suna da ɗaurin aure da walimar saukar Alƙur'ani har ƙauyukan Bakura da Talatar Mafara. Abin da na tara daga shinkafar rani bai fi ƙarfin gilashi biyu ba, su ma na hannu. Dole na zauna na auna kafin na hau motar Kano.

Gilashi mai zuƙowa yana ɗauke da lamba iri biyu. Ta farko milimita ce: ƙaramar lamba kamar 17 tana buɗe fili ta kwaso taro gaba ɗaya, babba kamar 250 tana janyo abin da ke nesa har ya cika hoto. Kyamarata Canon ce mai ƙaramin farantin karɓar haske, saboda haka ana ninka kowace lamba da 1.6, wato 250 ta yi aikin 400. Lamba ta biyu ta ƙofar haske ce, kuma a nan ƙarami shi ne babba: ƙofar 2.8 tana shigar da hasken da ya ninka na 5.6 sau huɗu. Wanda bai taɓa ɗaukar hoton amarya a ɗakin da fitilar caji kaɗai ke ci ba zai ɗauka wannan lissafin 'yan boko ne. A wurinmu kuwa shi ne bambancin fuska da inuwa.

Hanyoyi uku ne a gabana. Ta farko ita ce gilashi guda mai yin komai, daga milimita 18 zuwa 200. Hujjarsa mai ƙarfi ce a ƙasarmu, domin da hunturu ƙura ke sarauta, kuma duk sanda ka cire gilashi ka buɗe mata ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan farantin takan zama tabo a goshin kowane ango. Amma mai yin komai yakan rage wani abu. Ƙofar haskensa tana tsukewa da zarar ka zuƙo, rabin aikina kuwa cikin zaure da ɗaki nake yin sa.

Ta biyu ita ce farin gilashin nan na 70 zuwa 200 mai ƙofar 2.8, wanda ake gani a hannun 'yan jarida. Kyansa ba a jayayya. Sai dai nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa zai cinye na biyun har ya nemi ƙari, ga shi kuma yana jan ido. A hanyoyin da muke bi kan babur a 'yan shekarun nan, abin da ke jan ido kaya ne da mai hankali ke barin sa a gida.

Ta uku na ɗauka: Tamron mai 17 zuwa 50 wanda ƙofarsa ke tsaye a 2.8 ba ta canzawa, da Canon mai 55 zuwa 250, mara nauyi, bai kai rabin kilo ba. Mafi yawan kuɗin a kan gajeren ya tafi. Wani abokin sana'a daga Gusau ya ce na juya lissafi, wai dogon gilashi shi ne kwarjinin mai hoto. Na saurare shi da ladabi, domin ya girme ni a aikin, amma dalilina ya wuce maganar haske.

Dogon gilashi yana ba mutum ikon ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba. Daga bakin kasuwa zan iya zuƙo fuskar matar da ta fito ɗibar ruwa, ba sallama, ba izini. Wannan a tarbiyyarmu leƙe ne, ko da an yi shi da kayan Japan. Ƙari a kan haka, a yankin da 'yan bindiga suka sa kowa yana zargin inuwarsa, mutumin da ya laɓe nesa yana nuna jama'a da dogon ƙarfe ya sayi suna mara daɗi, wataƙila ma abin da ya fi suna muni. Gajeren gilashi kuwa tilasta ni yake in matso. Sai na yi sallama, na durƙusa na gaida dattijo, na tambayi gida da gona, kafin in ɗaga kyamara. Zumunta a ƙafa take, hoton kirki ma haka.

Akwai abin da ya ƙara min nauyin wannan ra'ayi. Mutane sukan zo wurina neman hoton wanda ya rasu ko wanda aka ɗauke bai dawo ba, wani lokaci hoton taron suna ne kaɗai shaidar da ta rage ta kamanninsa. Ba su taɓa tambayata hoton da aka ɗauka a sace ba. Wanda suke so shi ne wanda mamacin ya kalli kyamara da saninsa, ya gyara hularsa, ya yi murmushi. Haka kuma dattawan da suka ga kammala madatsar Bakolori a 1978, suka rasa gonakinsu a ƙarƙashin ruwa, suka shaida abin da ya auka wa manoma a watan Afrilun 1980, ba za su buɗe fuska ga wanda ya tsaya a nesa ba. Sai ka zauna a tabarmarsu.

Ban raina dogon ba, na dai san muhallinsa. Shi ke kawo min masunci a kan kwalekwalensa a tsakiyar tafkin Bakolori, da farin balbela a kan kunyar shinkafa, da mahayin da ya saki linzami ranar sallah, inda matsowa ke nufin shiga ƙarƙashin kofato. Shi ke ɗaukar liman a filin Idi ba tare da na keta sahu ba. A irin waɗannan wurare nisa shi ne ladabi.

Ƙurar ma na yi mata dabara. Tun daga gida nake yanke shawarar wanda zan ɗaura, in kuwa canji ya kama, sai na shiga ɗaki, na kashe kyamarar, na kifa bakinta ƙasa, na yi sauri. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, amma ana iya cin su ɗaya bayan ɗaya.

Idan ƙaramin mai hoto ya tambaye ni wane haɗi zai saya, ba na fara da lambobi. Nakan ce masa: ƙanena, lissafa mutanen da za ka ɗauka a shekara, ka duba nawa ne cikinsu za su so ka zo kusa. Sa kuɗinka a kan gilashin da zai kai ka gabansu. Abin da ya rage ka sayi na nesa da shi, ka ajiye shi domin ruwa da dawaki da tsuntsaye.