Ƙaramar bindigar da na kusa saye

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yi mini hukunci.

Makonni uku da suka wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, aka buga ƙofar gidana a Kazaure. Bugu mai ƙarfi, har sau uku. Uwargida ta riƙe hannuna, yara suna ɗakinsu. Na laluba gefen gado, abin da hannuna ya samu fitila ce da carbi. Ashe maƙwabcina ne, naƙuda ta kama iyalinsa yana neman mota. Mun kai ta asibiti, ta sauka lafiya, alhamdu lillahi. Amma minti biyun da na yi a tsaye bayan ƙofar nan ina tambaya "waye?" ba su bar ni na yi barci ba har asuba.

Duk mai bin labarai ya san dalili. A da labarin 'yan bindiga daga Zamfara muke jin sa, sai Batsari da Jibiya da Ƙanƙara, ga shi har an fara ambatar Shanono da Tsanyawa a jihar Kano. Wanda ya san hanyar Roni da Gwiwa ya san tsakaninmu da jihar Katsina gona ce kawai. Babura kuma tana bakin iyakar Nijar. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Jigawa, muna godiya, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake cewa.

Da na ba wani abokina labari, sai ya turo mini bidiyon wani Ba'amurke yana bayanin yadda ake zaɓen ƙaramar bindiga ta sakawa a ƙugu. Wallahi na zauna na kalla, na nemo wasu na ƙara. Na ji ana kwatanta Glock 43 da Sig P365, ana gardama tsakanin harsashi mai milimita 9 da ƙaraminsa .380. Na fahimci cewa bindiga tana ƙara ƙanƙanta tana ƙara sauƙin ɓoyewa, amma tana ƙara dukan hannu da wahalar saiti. Kwana biyu ina jin kaina kamar masani. Abokin nan har ya ce mini, cikin raɗa, ya san wanda ya san wani. Ban ce masa a'a nan take ba, kuma abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Halin ma'aikacin gwamnati, sai na ce bari in duba takarda tukuna. Mutumin cikin bidiyon yana magana ne daga ƙasar da tsarin mulkinta ya ba shi haƙƙin mallakar makami, kuma a 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar cewa haƙƙin ya haɗa da fita da bindiga waje. Mu tamu dokar daban ce. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta mafarauta, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta irin mai baki biyu, Sufeto Janar. Ita kuwa fistol, wadda nake ta zaɓe a waya, tana cikin haramtattun makamai, layi ɗaya da na sojoji, kuma shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da izininta. Wanda aka kama da bindiga ba lasisi, dokar fashi da makami ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun.

Ka ga ke nan zaɓin da ke gabana ya tashi daga milimita 9 ko .380, ya koma tsakanin tsoron ɓarawo da gidan yari. Na yi lissafi: duk Litinin ina kan hanyar Dutse, duk Juma'a ina dawowa. Shinge nawa nake wucewa? Rana ɗaya wani ya ce "Oga, fito mu duba", shekara 17 na aiki da fanshon da nake jira sun tafi, yara kuma su tashi ana nuna su.

Na san abin da wasu za su ce: ai manya ma sun ce mu kare kanmu. Gaskiya ne. Janar T.Y. Ɗanjuma ya faɗa a Jalingo a 2018. Aminu Bello Masari ya faɗa a 2021 yana gwamnan Katsina. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga. Ban raina zafin da ya sa suka faɗi haka ba, kuma ba ni da bakin yi wa mutumin da aka ƙone ƙauyensa wa'azi. Amma maganar gwamna ba ta canza dokar tarayya, kuma ranar da aka gurfanar da kai, kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali. Ku tuna Uromi a watan Maris na 2025. Mafarauta 16 'yan Arewa, suna hanyar dawowa gida Kano yin Sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe su kisan gilla. Zalunci ne tsantsa, Allah Ya jiƙan su. Sai dai ya nuna mana yadda ganin bindiga kaɗai yake isa a yanke wa mutum hukunci a ƙasar nan.

Abin da ya ƙarasa sanyaya mini jiki kuwa a cikin gida ya faru. Na ɓoye makullin mota a saman kwaba, can ƙurya, don kada babban yarona ya ɗauka. Da yamma autata mai shekara biyar ta kawo mini shi tana dariya: "Baba, ga abin da ka ɓoye." Ta tara kujera a kan tebur ta hau. Na karɓa na yi shiru. Uwargida, wadda na riga na gaya mata tunanina, ta kalle ni kawai ta wuce kicin. Sai kuma na tuna daren nan. Da akwai bindiga a hannuna, jikina yana rawa, a cikin duhu, wa ke bayan ƙofar? Maƙwabcina na shekara tara.

To me na yi? Na kira abokina na ce a bar maganar. Kuɗin da na ware na sa aka canza ƙofar zaure zuwa ta ƙarfe, aka sa fitila mai aiki da hasken rana a waje. Na je wajen mai unguwa muka tara magidanta, muka farfaɗo da kuɗin 'yan sintiri da aka daina biya tun bara, aka kai sunayensu ofishin 'yan sanda. Kowane gida yanzu yana da usur da lambar maƙwabta biyar. Mun kuma yi alkawari: duk mai buga ƙofa da dare ya fara kiran waya.

Ban ce wannan zai tare mutum talatin a kan babura ba. Ƙaramar bindiga mai harsashi shida ko goma ma ba za ta tare su ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma shi ya kamata mu matsa a kai. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, bayan wuta ta riga ta ci. Mu da muke bakin iyaka, me zai hana wakilanmu su nemi ƙarin jami'ai da motocin sintiri a Roni da Gwiwa da Babura tun yanzu?

Har yau idan aka taɓa ƙofa da dare gabana yana faɗuwa, ba zan ɓoye muku ba. 'Yan'uwa na Gwiwa da Roni, ya ake ciki a wajenku? Akwai sintiri a unguwanninku, ko kowa ta kansa yake yi? Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya kawo wa waɗanda abin ya shafa sauƙi. Amin.