Tabalak Bayan Hunturu

Mutumin Sanam, wanda ya saba da guga da doguwar igiya, in ya wuce Tawa bisa hanyar Agadas zai iske abin mamaki: tabkin Tabalak shimfiɗe tsakanin tuddan rairayi.

A watan Maris sanyi ya kau, ruwa ya ja baya, kifi ya taru a gurbi. Tun da asuba, kafin iska ta taso, masunta ke jefa birgi don karfasa. Tarwaɗa kuwa, mai son laka, sai da mamari: a kafa da marece, a duba da safe.

Tun 2005 tabkin ya shiga jerin Ramsar, amma rairayi bai daina cike shi ba, injinan lambu kuma suna ta zuƙa. Ga masu raga mai ƙaramin ido, waɗanda har ƴaƴan kifi suke kwashewa.