Yadda Aka Ɗaura wa Ƙaramin Jirgi Inji

Ungogo tana arewa da birnin Kano. Ƙasa ce ta manoma, gona na bin gona, ƙauye na bin ƙauye. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba shi da nisa da ita, saboda haka yaran wurin sun saba da ƙugin jirage. Kano kuwa ta daɗe da sanin jirgi, gama tun cikin 1925 jirage 3 na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a cikinta.

A wani ƙauye na ƙasar Ungogo akwai wani yaro ɗan aji shida, gwanin ƙera jirgi da kara. Abin da ke damunsa ɗaya ne, jiragensa ba su tashi. Da kawunsa, wani makanike, ya lura da haka, sai ya yi ta tara kuɗi har ya sayo masa ƙaramin jirgi irin wanda akan haɗa a gida. Cikin kwalin akwai guntayen katakon balsa, mara nauyi kamar totuwar kara, da farfela, da tankin mai, da wani ɗan inji wanda bai fi tafin hannu ba. Akwai kuma na'urar rediyo wadda mutum kan riƙe yana ƙasa, yana juya jirgin yana sama.

Suka yi mako uku suna haɗawa, har ya rage ɗaura inji kaɗai. A goshin jirgin akwai wani ɗan allo mai ƙwari, a jikinsa akan kafa mazaunin inji da kusoshi huɗu masu zare. Ran nan kawu bai dawo da wuri ba. Yaro ya ƙosa, ya ɗauki abin huji, ya auna da ido, ya huda allon. Yana shirin huji na biyu sai ga kawu.

Kawu ya ce, "Tsaya, ɗana! Da me ka auna?"

Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce, "Da ido, Kawu."

Kawu ya ce, "Allon nan shi ke nan gare mu, ba mu da wani. In inji ya zauna a karkace, jirgin zai kife tun bai yi nisa ba, aikin mako uku ya tafi a banza."

Aka duba, ashe hujin ya kauce. Suka fiƙe ɗan katako, suka shafa masa gam, suka toshe ramin, suka jira har gari ya waye.

Kashegari kawu ya sa shi ya ja layi biyu da rula, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, suka sami tsakiya. Suka aza mazaunin, suka ɗiga wuraren huji da fensir, suka sake aunawa, kana suka huda. Da suka zo ɗaurewa, sai kawu ya karkata injin kaɗan zuwa dama, kamar digiri 2, ya kuma sunkuyar da shi kaɗan.

Yaro ya ce, "Kawu, ba jiya ka ce karkata ba ta da kyau ba?"

Kawu ya yi murmushi, ya ce, "Wannan da awo aka yi ta. In farfela tana juyawa takan ja jirgi hagu, shi ya sa akan fuskantar da inji dama kaɗan, don ya miƙe sosai."

Suka shafe allon da gam mai ƙarfi don kada mai ya jiƙa shi. Suka ɗaure kowane noti tam, gama girgizar inji takan kwance wanda bai ɗauru ba. Daga bisani yaro ya ɗaga jirgin bisa yatsu biyu, a ƙarƙashin fukafukai, wajen sulusin faɗinsu daga gaba. Jirgi ya tsaya daidai, bai rinjaya gaba ko baya ba.

Bayan girbi suka tafi wani fili nesa da gidaje, nesa ƙwarai da filin jirgin sama, domin ɗan ƙaramin jirgi yana iya jawo wa babba hatsari. Kawu ya ta da inji, ya gargaɗe shi kada ya kai hannu kusa da farfela. Jirgi ya yi gudu bisa ƙasa, ya ɗaga, ya miƙe sambal. Yaro ya bi shi da kallo, ya kasa cewa kome.

To, yara, kun ji. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Kome za ku yanka ko za ku huda, ku fara aunawa tukuna.

Tambayoyi

1. Wane kuskure yaron ya yi, kuma yaya aka gyara shi?
2. Don me akan karkata inji zuwa dama?
3. Me ya sa suka yi nesa da filin jirgin sama?