Tun Da Ka Taɓa Ta

A kowane dangi akwai mutum ɗaya da aka naɗa wa sarautar da bai nema ba, babu rawani babu albashi: shi ne "wanda ya san kwamfuta". Ba sai ka yi karatunta ba. Ya isa a taɓa ganin ka buga wa wani takarda, ko ka nemo hoton da ya ɓace a waya. A danginmu na Maradi, ni sarautar ta faɗa wa, alhali aikina koyar da lissafi ne. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni ban ci ladan kowa ba, amma askin ya zama nawa.

Yawancin askin na Kawu ne, yayan mahaifiyata, tsohon mushe da ya yi ritaya. Kwamfutarsa ta kan tebur ce, gwanjon Turai, tana tafiya da Windows 7, wadda aka daina yi wa sabuntawa tun Janairun 2020. Duk ranar da ta ƙi aiki sai kira ya zo. Bayan gaisuwa mai tsawo, sai ya ce, "Ɗana, abar nan ta ƙi." Idan na ce, "Kawu, me ta rubuta muku?" sai ya ce, "Wani abu dai ya fito, na rufe shi." Idan na ce, "Me kuka taɓa kafin nan?" amsar ba ta taɓa canzawa ba: "Ban taɓa komai ba."

A nan wahalar take. Likita yakan ritsa marar lafiya da tambaya har ya faɗi abin da ya ci. Kai kuwa ba ka isa ka ritsa wanda ya goye ka a kafaɗa ba. Dole ka karɓi maganarsa, sannan ka nemi gaskiya a wajen ƙarfe.

Wani lokaci kowane shafin intanet ya ƙi buɗewa. Kawu ya riga ya yanke hukunci cewa jikokinsa ne suka lalata ta da wasa. Ashe wani ɗan batir ne a cikin akwatin, faɗinsa bai wuce kwabo ba, mai lamba CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an kashe wuta. Da ya mutu, kwanan wata ya koma shekaru baya, shafuka kuma suka ƙi yarda da ita, tunda takardun shaidarsu ba su dace da ranar da take faɗa ba. Canza batirin bai ɗauke ni minti biyar ba. Wanke yaran daga zargi ya fi mako.

Wani lokaci kuma, a tsakiyar bazara, ta riƙa mutuwa da kanta bayan rabin awa. Na buɗe akwatin na tarar da ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare a kan fanka kamar bargo. A watan Afrilu zafin Maradi yakan haura digiri 40, kuma idan ƙwaƙwalwar na'ura ta yi zafi fiye da kima, kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Sannan Inna, matar Kawu, saboda tsafta, ta lulluɓe akwatin da ƙyallen saƙa har ya toshe ramukan iska. Ta yaya zan ce mata kwalliyarta ce ke shaƙe kwamfutar mijinta? Sai na yabi ƙyallen, na ce ya fi dacewa da kan talabijin.

Da allon bugun rubutu ya lalace, wani ya kawo masa sabo daga Kano. Irin na Faransa yana farawa da AZERTY, irin na Ingilishi da QWERTY, ita kuwa kwamfutar tana nan a saitin Faransanci. Kawu ya buga sunan garinsa, sai ga "?qrqdi" a gabansa. Ranar har ya ambaci sammu, rabi wasa rabi gaske.

Abin da ya fi ciwo shi ne dokar da ba a rubuta ba: wanda ya taɓa ta daga ƙarshe, shi ke da laifin duk abin da zai biyo baya. Ka canza batir yau, tawadar injin buga takarda ta ƙare bayan wata uku, sai ka ji ana cewa, "Tun da ka taɓa ta dai." Mai shago yakan karɓi jikarsa biyar ya sallame ka. Ɗan uwa ba ya sallama, kuma ba ya da damar yin fushi.

Na sha niyyar in ce a nemi wani. Abin da ya hana ni yana cikin kwamfutar. Kawu ya yi shekaru yana rubuta abin da tsofaffi suka ba shi labari game da ambaliyar 1945, lokacin da Gulbin Maradi ya cinye tsohon gari, aka tayar da mutane zuwa tudu. Waɗanda ya zanta da su duk sun rasu. Babu kwafi a ko'ina sai a faifan da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, faifan da ya girmi wasu jikokinsa.

Sai ranar da ya kai kile shagon buga takardu, ya dawo ya soka ta a gida. Ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu ta shiga. Ya kira ni, bai ma yi gaisuwa ba. Na iske shi zaune, hula a hannu. Bai ce bai taɓa komai ba. Cewa ya yi, "Ɗana, sun tafi ke nan?" Na san irin wannan cuta ba ta gogewa, ɓoyewa take yi, amma sai da na ga sunayen fayilolin sun dawo ɗaya bayan ɗaya kafin na iya numfashi. Kawu ya buɗe babi na farko, ya karanta sunan wata tsohuwa a bayyane, ya yi mata addu'a.

A daren na kwafe rubutun wuri uku: a sabuwar kile, a akwatin imel ɗina, sannan a takarda, shafi bayan shafi, wadda Inna ta ajiye a ƙasan adaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Faifan nan zai mutu wata rana, domin babu faifan da ba ya mutuwa, kuma na san a ranar za a ce tun da na taɓa ta ne. A faɗa. Idan kai ne mai wannan sarauta a danginku, kafin ka kunce ko ƙusa ɗaya, ka fara tambayar abin da ke ciki wanda babu irinsa a wani wuri, ka kwafe shi. Ƙarfe ana samunsa a kasuwa. Muryar tsohuwar da ta ga ruwan 1945 da idonta ba a sayar da ita a ko'ina.