Gobero da duniyoyin da ake cewa suna kama da tamu

Duk bayan ƴan watanni sai labari ya zaga Facebook da WhatsApp cewa an gano wata duniya mai kama da tamu, a liƙa mata hoto shuɗi da kore kamar wani ya je ya ɗauko. Hoton nan zane ne. Abin da masana suka gano galibi shi ne duniyar tana zagaya tauraronta a tazarar da ruwa zai iya kwanciya a bisanta, bai daskare ba, bai ƙafe ba. Wannan tazarar suke kira yankin da rayuwa za ta yiwu.

Lissafin ba wuya. Kowane tauraro rana ce, nisa ne ya ƙanƙantar da shi. Wanda ya taɓa kwana a daji lokacin hunturu ya san wurin jin ɗumi ya danganta da girman wuta: babbar wuta a ja baya, ɗan garwashi kuwa sai an matso. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da ranarmu, ƙarami ne ja mai rangwamen zafi, shi ya sa duniyar da aka gano a yankinsa a 2016 take manne da shi, shekararta kwana 11 kacal. A 2017 kuma aka sanar da duniyoyi 7 kewaye da tauraron TRAPPIST-1, wanda haskensa ke shekara 40 kafin ya iso mana, uku daga cikinsu a cikin yankin.

A ganina, mutumin Agadez ya fi kowa dalilin taka-tsantsan da irin wannan albishir, don hujjar tana ƙarƙashin ƙafarsa.

A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, wani masani daga Jami'ar Chicago, yana neman ƙasusuwan dinozor a cikin hamadar Tenere, sai suka faɗa wa maƙabarta a wurin da ake kira Gobero. Kaburbura wajen 200, a bakin wani tafki da babu shi yanzu. Tare da mutanen akwai ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da masun kamun kifi da aka sassaƙa da ƙashi. Masunta fa, a Tenere! Na farkonsu sun zauna can shekaru fiye da 9,000 da suka wuce. Fari ya kore su, wurin ya yi kamar shekara 1,000 ba kowa, ruwa ya dawo, wasu mutane dabam suka zo da shanunsu, daga baya su ma rairayi ya tashe su. Wanda bai kai Gobero ba, ya bi hanyar Arlit ya tsaya Dabus, ya ga raƙumar dawa mai tsayin fiye da mita 5 da aka sassaƙa a jikin dutse. Mai sassaƙar nan ya san dabbar ido da ido.

To, duk tsawon wannan zamani duniya ba ta fita daga yankin nata ba ko da taku ɗaya. Abin da ya faru ɗan layi ne da take yi a hankali cikin juyawarta, wanda ke ɗaukar shekaru fiye da 20,000 kafin ya kewayo. A wancan lokaci bazarar arewa ta dace da lokacin da duniya ta fi kusantar rana, Sahara ta ƙara ɗaukar zafi, ta janyo iskar damina daga teku har can arewa da duwatsun Ayar. Da lissafin ya juya, damina ta koma kudu. Ɗan wannan ne ya raba tafkin dorina da tudun rairayi.

Wata ma ai nisansa da rana ɗaya ne da namu, amma ba iska, ba ko gulbi ɗaya. Zara, da muke kira matar wata, girmanta kusan na duniyarmu, sai dai iskar kabon mai kauri ta lulluɓe ta, zafin bisanta ya haura digiri 450. Mars tana bakin yankin daga waje, ga korama ga tafkuna duk busassu; motar binciken Perseverance da ta sauka can a Fabrairun 2021 cikin tsohon tafki ta sauka. Kenan tazara izini kawai take bayarwa, iska ce ke riƙe ruwa. Su kuwa jajayen taurarin nan irin su Proxima da TRAPPIST-1 sun shahara da aman wuta wanda kan iya share iskar duniyar da ta matso su. Da na'urar hangen nesa ta James Webb ta auna duniyar da ta fi kusa da TRAPPIST-1 a 2023, ba ta ga alamar iska mai kauri ba.

Akwai kuma inda lissafin ke yi wa rayuwa rowa. Madugan ayarin gishiri na Fashi da Bilma da taurari suke sanin hanya, amma rijiya ce ke tsai da zango, kuma ruwanta ba a ganinsa daga nesa. Itacen Tenere, kafin mota ta kayar da shi a 1973 a kwashi gawarsa zuwa gidan tarihi na Yamai, ya rayu shi kaɗai ne don saiwarsa ta kai ga ruwa fiye da mita 30 a ƙasa. Haka ma can nesa da yankin ranarmu, inda sanyi ya daskarar da komai, akwai Europa, ɗaya daga watannin Jupita, da Enceladus na duniyar Saturn, waɗanda bincike ya nuna suna ɓoye da teku ƙarƙashin ƙanƙara. Ba rana ke ɗumama su ba, jan da manyan duniyoyinsu ke yi musu ne yake murza cikinsu har ya yi zafi. A 2005 kumbon Cassini ya hango ruwan Enceladus yana tsartuwa sama ta tsagin ƙanƙara. Kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024, ana sa ran isarsa Jupita a 2030, in Allah ya kai mu.