Kafin ka ce a ɗaga maka mota, leƙa ƙarƙashinta

Duk mai jigila tsakanin Potiskum da Gadaka da ƙauyukan da ke bayanta ya san motar da ta yi maka rani lafiya ba lallai ta yi maka damina ba. Muddin kana kan kwalta, da sauƙi. Amma ka sauka ka kama hanyar ƙauye a watan Agusta, ka tarar ruwa ya zaizaye gefe, manyan motoci sun tona ramuka biyu da tayoyinsu sun bar tudu a tsakiya, ga duwatsu sun fito fili. Ƙasarmu ta Fika ba irin ta Yusufari ba ce. A can yashi ne, kuma maganin yashi rage iskar taya. Mu nan laka ce da kwazazzabai da dutse, abin da direba ke tsoro shi ne cikin motarsa ya daki ƙasa. Shi ya sa da hadari ya fara haɗuwa za ka ji masu Hilux da Land Cruiser suna ce wa mai gyaran ƙafa, "Injiniya, a ɗan ɗaga min ita."

Ban ga laifin wannan buƙata ba. Abin da ke damuna shi ne yawancin motocin nan hannu na biyu ne ko na uku, wasu daga gwanjon ma'aikatu da ƙungiyoyi, wasu daga ƙasar waje, kuma da yawansu an riga an taɓa ƙafarsu kafin su zo mana. Sai mutum ya ɗora ɗagi a kan ɗagi bai sani ba.

Gane hakan ba ya buƙatar kwamfuta. A ajiye motar a wuri mai daidai, ba kaya, a ɗauki tef a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodin da ke saman taya, a duk ƙafafu huɗu. Daga tsakiyar wili ake aunawa saboda girman taya ba ya shiga wannan lissafi. Sannan a nemi irin motar sak wadda ba a taɓa ba, a auna, a gwada. In akwai bambanci, sai a kwanta a leƙa a ga inda tsawon ya fito.

Wani lokaci za ka ga 'yan guntayen roba ko ƙarfe tsakanin bodi da shasi. Wannan bodi kawai aka ɗaga; shasi da giyabos da tankin mai suna nan inda suke, amfaninsa bai wuce samar wa babbar taya wuri ba. A baya kuma, ƙirga fallayen sifirin. Fallen da aka ƙara yakan bambanta da 'yan uwansa a kauri ko faɗi ko launin tsatsa, kuma notin tsakiya da ya ɗaure su yakan zama sabo. Duba ko an cusa wani dunƙulen ƙarfe tsakanin sifirin da aksil. A Hilux mai jan ƙafa huɗu sifirin baya a kan aksil yake zaune, don haka dunƙulen yana ɗaga ta. A Land Cruiser jerin 70 sifirin a ƙarƙashin aksil yake, wannan dabara ba ta aiki. Duba kuma ƙarfen da ke rataye jelar sifirin a jikin shasi. In ya yi tsawo fiye da kima ko ka ga alamar walda, an canza shi, kuma tsawon da yake bayarwa kusan rabin abin da aka ƙara masa ne kawai.

Gaba ya danganta da shekarar mota. Tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu na kafin 1997, irin waɗanda suka fi zuwa ƙasashenmu, aksil guda ne a gaba da sifirin mai falle. Daga nan zuwa 2005 sai aka koma wani dogon sandan ƙarfe da ke murɗawa ya ɗauki nauyi, wanda ake iya ɗaure notinsa mota ta tashi. Daga 2005 kuma sifirin nannaɗaɗɗe ne da shok a cikinsa, kuma mai son arha yakan sa wani zobe mai kauri a samansa. Ita Land Cruiser jerin 70, da ta fito a 1984, sai a 1999 manyanta suka sami sifirin nannaɗaɗɗe a gaba, baya kuwa har yau falle ne. Kowane iri da nasa iyakar, kuma makaniken da bai tambayi shekarar motarka ba kafin ya yanka maka kuɗi, ka yi hattara da shi.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A motar da ke da aksil guda, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun nan na tsakiyar aksil, shi ne kuma ke hawa tudun tsakiyar hanya. Ko da za ka ɗaga sifirin inci shida, tulun bai motsa ba, domin a kan taya yake dogare. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabi take bayarwa: tayar da ta fi taka tsayi da inci biyu, inci ɗaya za ta ƙara maka. Ɗaga sifirin yana hana hanci da jela da cikin mota dukan ƙasa a gangare da hawa, yana kuma ba taya wurin motsi. Wannan amfani ne na gaske, amma ba shi ne wanda yawancinmu ke zaton mun saya ba.

To, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mafi yawan masu ƙara falle a nan ba tsawo suke nema ba, lodi suke nema. Hilux an yi ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya, har da direba da fasinja. Buhun masara ko wake mai kilo 100, goma ya kai ta iyaka. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa. Idan aka ƙara falle biyu ko uku, bayanta ya daina zama, sai ido ya ce ta ƙara ƙarfi. Birki bai ƙaru ba, boris na aksil bai ƙaru ba, shasi bai ƙara kauri ba. Zaman da take yi a da shi ne yadda take gaya maka kaya sun yi yawa, kai kuma ka toshe mata baki.

Nan ne abin ke taɓa ni, domin ba buhu kaɗai ke hawa ba. A kan buhunan nan iyayenmu mata ne da goyo, da dattawa, da yara 'yan makaranta, mutanen da ba su da wata motar sai wannan. Duk incin da aka ƙara wa mota nauyinta ya hau sama, ga kaya an jera sama, ga mutane a saman kaya. Tayar gefe ɗaya ta faɗa rami, ko direba ya kauce wa saniya da sauri, motar da a da za ta yi tangaɗi ta daidaita, yanzu sai ta kwanta.

Ga kuma wani abu ɓoyayye a tsofaffin motocin nan da ba su da ABS. Akwai wani bawul a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinsa ya ji nauyin kaya: mota ta zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, ta tashi, ya rage. Idan aka ɗaga ta ba a ɗaga mazaunin ƙarfen nan daidai da haka ba, bawul zai riƙa ɗauka motar babu kaya alhali tana cike, ya rage birkin baya a lokacin da aka fi buƙatarsa. Gyaransa ɗan ƙaramin aiki ne, amma sai wanda ya san yana nan.

A ganina, ga motar aiki, inci biyu, wato kusan santimita biyar, ya isa. A Hilux mai ƙafafun gaba daban-daban, da an wuce nan shaf ya karkace da yawa, robarsa ta yage, giris ya zube, boljoyin na sama ya fara ƙurewa, farfela ta fara rawa, tiyon birki ya miƙe duk lokacin da taya ta rataya. Kuma sau da yawa motar ba ɗagi take buƙata ba. Sifirinta ne ya gaji ya kwanta, sabon sifirin na asali kawai zai dawo mata da tsawon da ta rasa. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ta shiga ƙauyukan da yau ake cewa sai mai jan ƙafa huɗu, ba don tsayi kaɗai ba, sai don ƙafarta tana da wurin hawa da sauka, taya ba ta barin ƙasa.

In za a kashe kuɗi, a fara da taya mai kyau, sai sifirin da aka ƙera don nauyin da motar ke ɗauka kullum, tare da shok mai tsawon da ya dace da shi. Shok gajere a kan doguwar ƙafa yana fizgar kansa har ya mutu. Akwai kayan kamfanoni irin su Old Man Emu na Ostareliya da aka yi don irin wannan aiki, sai dai tsada, ga jabu. Wanda zai je Ƙofar Ruwa a Kano neman na hannu, ya tafi da makanikensa da tef, ya sayi na dama da na hagu tare. Kada a yarda a gasa falle da wuta don a lanƙwasa shi, zafi yana kashe ƙarfen. Kada a yi masa walda. Kada a jera dunƙule biyu, kada kuma a sa ko ɗaya a aksil na gaba. Notocin nan masu siffar U da ke rungume aksil, sababbi ake sawa.

Bayan an gama aiki a kai ta a saita ƙafar gaba, a saita fitila don kada ta riƙa kashe wa masu tahowa ido, a gwada birki a kan tsakuwa babu kaya, a sake gwadawa da kaya. In an sa babbar taya, direba ya sani agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da yake yi. Bayan 'yan kwanaki ana aiki da ita a koma gareji a sake ɗaure notocin aksil, domin sabon sifirin yakan zauna su saki.