Ganye Ba Abincin Yunwa Ba Ne

Mu da aka tara a nan ana koya mana aikin malanta, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantun birane da ƙauyuka, kuma abin da yara suka ga mun girmama shi za su girmama. Don haka muka ga ya kamata mu yi magana da 'yan'uwanmu a kan wani abu da mutanenmu da yawa suka rena, watau cin ganye.

A ƙasarmu in an ce mutum ya ci daɗi, nama da shinkafa ake nufi. Zogale da rama da tafasa kuwa, sai a ce abincin marka ne, sa'ad da hatsi ya ƙare a rumbu. Lalle tuwo yana ba da ƙarfi, amma akwai waɗansu ƙananan abubuwa da jiki ba ya zama lafiya sai da su. Wani masani, Casimir Funk, shi ya sa musu suna bitamin cikin 1912. Biyu daga cikinsu gero da dawa ba su ba mu, sai ganye da 'ya'yan itatuwa.

Na farko bitamin A. Dukanmu mun san dundumi: yaro yana gani sarai da rana, da magariba ta yi sai lalube. Yawanci rashin wannan bitamin ke kawo shi, ga shi kuwa a cikin alayyafo da zogale da kabewa da karas. Amma jiki ba ya karɓarsa sosai sai tare da mai. Ashe iyayenmu mata da ke kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, hikima suke yi.

Na biyu bitamin C. In ya yi ƙaranci, dasashi ya kan kumbura yana zub da jini, rauni ya ƙi warkewa. Wannan ciwo ya hallaka matuƙan jiragen ruwa na Turai masu yawa, domin su kan yi watanni ba ɗanyen abinci. Cikin 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya gwada magunguna dabam-dabam a kan marasa lafiya 12, biyun da ya ba lemo da lemon tsami su suka fi saurin samun sauƙi. Mu ga tumatir da tattasai da 'ya'yan kuka a kasuwarmu. Sai dai doguwar dahuwa da yawan kanwa suna ɓata shi, saboda haka a sa ganye a ƙarshen miya, wanda za a ci ɗanye kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Cikin 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi ya ci akalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum, ban da rogo da dankali, domin suna rage haɗarin ciwon zuciya.

To, 'yan'uwa, duk inda aka tura mu, mu keɓe ɗan fili bayan aji mu yi lambu da yaranmu. Zogale ko reshensa aka dasa ya kan kama. Yara su ga malaminsu yana cin ganye a fili ba kunya, gama rigakafi ya fi magani.